Fadan da ya sa muka ɗaga hannu a kansa

Bana shekara ashirin ke nan da rasuwar Fada Anton, limamin cocinmu, amma a gidanmu har yau da sunansa ake kashe gardama.

Bisa kuskure na san shi. A shekarun 1980 ina aikin jinya a Laurel, wani gari a ƙasar waje, sabuwar zuwa daga Kaduna, na ga ƙaramin coci an rubuta Katolika, na shiga. Komai irin na gida ne, har aka tashi Fada ya gabatar mini da matarsa. Na kusa sakin jakata, domin Fadan Katolika da na sani ba ya aure. Da ya gama dariya ya zaunar da ni, ya ce cocinsu ɗan ƙarami ne a Turai, kakanninsu suka rabu da Roma fiye da ƙarni guda, don sun ƙi yarda cewa Paparoma ba ya kuskure. Fadansu na aure, bishop kuwa zaɓensa ake yi, har talakan coci na da ƙuri'a.

Na zauna, na jawo 'yan'uwa na Kaduna da Filato. Shi ya yi wa 'ya'yanmu baftisma, shi ya binne mamatanmu da ba mu iya kaiwa gida ba.

Sai aka kira shi gida ya tsaya takarar bishop. In ya tafi ba mu da wani Fada. Mu da muka saba komai daga sama yake zuwa, muka haɗa dattawa su je su roƙi manyansa a bar mana shi. Baba Yohanna, babba a cikinmu, har ya sa babbar riga.

Fada ya ce, "Baba, waɗanne manya? A kan wannan magana ku ne manyana. Ku ɗaga hannu. In kun ce zauna, na zauna."

Abin ya ba ni haushi, domin ya ɗora mana kayan da muka so wani ya ɗauka. Muka yi ta musu bayan sujada. Na dubi mutumin nan da ya daɗe yana kewar ƙasarsa bai taɓa faɗa ba, na ɗaga hannu ya tafi. Yawancinmu suka ɗaga.

Ya je ya faɗi zaɓen. Magoya bayansa suka ce ya ware ya buɗe nasa cocin, ya ƙi. Ya durƙusa gaban wanda ya kayar da shi, aka tura shi wani ƙauye, a can ya ƙare. Da zai ga yau, yadda duk wanda aka hana kujera yake kama shago ya naɗa kansa bishop, na san kai kawai zai girgiza.

Cocinmu ya watse, ba mu sake ganinsa ba, kuma ya yi mini ciwo ƙwarai. Amma ban taɓa sanin shugaban da ya tambaye ni da gaske ba sai shi. Da za a sake tambayata, hannun nan zan sake ɗagawa.