Juma'ar da Kwamfutar Injin Ta Ƙi Tashi

Shirun ne ya fara tsorata ni. Fankokin injin busar da shinkafa ba sa tsayawa, har kunne yakan manta da su, sai ga shi ina jin takun kurciya a kan kwano. An ɗauke wuta, janareto ya kama, fitilu sun dawo, amma kwamfutar da ke juya injin ta tsaya a kan tambarin farko, ba gaba ba baya.

Ranar Juma'a ce. Masana'antarmu tana tsakiyar gonaki ta wajen Bici, kuma ni kaɗai ce mace a ɗakin inji, don haka ni ake bar wa tsaro idan maza sun tafi masallacin ƙauyen gaba. Baba maigadi yakan ja ƙyauren ƙarfe ya sa kwaɗo ta waje. Innata ce ma ta roƙi a riƙa yin haka, don kada wani ya shigo mini ina ni kaɗai.

Murhun injin ɓuntun shinkafa yake ci, ba ruwansa da lantarki. Fankoki ne ke fitar da zafinsa da hayaƙinsa, su kuma sai kwamfuta ta tashe su.

Na kashe na kunna, kamar yadda aka koya mini. Tambarin nan dai. Hayaƙi ya taru a ƙarƙashin kwano ya fara saukowa, ga ƙauri. Har yanzu idan tuwo ya kama a gidanmu sai na fita waje. Tagogin suna can sama, ga ƙarafa a jikinsu. Na daki ƙyauren har tafin hannuna ya mutu, ba kowa.

Na kira manaja, a kashe, ana huɗuba. Na kira Baba maigadi, sai na ji wayarsa tana ƙara a gefena, a bayan kwamfutar.

Injiniyan da ya haɗa mana injin na tuna, Kirista ne mutumin Jos, yana zaune a Kano. Ya ɗauka.

“Oga, kwamfutar ta ƙi tashi, a kulle nake, hayaƙi ko'ina!”

“Ƙanwata, kukan nan ajiye shi tukuna. Jiƙa mayafinki ki toshe hanci, ki durƙusa. Koriyar fitilar da ke ƙasan kwamfutar tana ci?”

“Tana ci.”

“To wuta na shiga. Danne maɓallin ki riƙe har ta mutu, ki sake kunnawa.”

Na yi. Ba canji. Na gaya masa.

“Akwai abin da aka soka a jikinta?”

“Ba komai, sai wayoyin caji.”

“Wayoyin wa?”

“Na Baba da na 'yan dako. Ƙauyensu ba wuta, duk Juma'a a nan suke barinsu.”

“Kai jama'a! Injin nawa kuka mayar shagon mai caji? Idan tana kunne aka soka, ba ta damu ba. Amma wajen tashi sai ta tsaya tana lalube a cikinsu. Cire duka!”

Na fizge igiyoyin, waya ɗaya ta faɗi ta fashe. Na kunna. Tambari ya fito, ya tsaya, na fara salati da ƙarfi. Sai rubutu ya gudana, hoton injin ya bayyana. Hawaye da tari sun hana ni gani sosai.

“Maɓallin hagu, mai hoton fanka. Danna shi, sannan ki tsayar da ɓuntu.”

Fankokin suka ɗauka da gurnani. Na rarrafa bakin ƙyauren na kwanta, na kafa hancina a 'yar kafar da ke ƙasa inda iska ke shigowa. Bai kashe wayar ba. Lokaci lokaci sai ya tashe ni in je in duba ma'aunin zafi, in dawo in kwanta. Da farko bai motsa ba. Can ya fara sauka, kwanon sama ma ya fara fitowa daga cikin hayaƙin.

Wajen biyu da rabi, kwaɗon yana nan yadda yake, na karanta masa ma'aunin. Ya sa na maimaita.

“Shi ke nan, ƙanwata, gobara ba za ta tashi ba. Kin tsira. Zauna a bakin ƙofar har su zo.”