Kwanukan da suka dawo

Duk unguwarmu ta Ƙofar Kwaya an yarda goggona asiri gare ta, kuma duk ƙarya ne. Abin da ya jawo maganar shi ne, in ta kai abincin biki ba ta zama cikin mata ta sha yabo. Sai ta zagaya bayan gida inda ake wanke-wanke, ta tsuguna tana leƙa kwanukan da aka ci aka dawo da su. Shi ne aka ce sauran abinci take tsinta ta kai wa malaminta ya haɗa mata maganin kasuwa. Ni da nake kwana ɗaki ɗaya da ita ban taɓa ganin ko laya ba.

Funkaso da miyan taushe ne suka yi mata suna. Na gama sakandare shekarar da soja suka miƙa mulki, ina zaune ba aikin fari ba na baƙi, sai na shiga yi mata. A lokacin gari ya cika da walima. Wanda ya ci kansila walima, wanda aka ba muƙami walima. Kuma wasu mata sun ɓullo da dafa-dukar otal a robobi masu murfi, suna ta kwashe manyan ayyuka. In Goggo ba ta shiga gidajen 'yan siyasa ba, sana'arta ta koma ta taron suna na cikin unguwa ke nan.

Sai matar wani sabon ɗan majalisa a Kambarawa ta ba mu aiki. Muka yi funkaso kamar auduga, miya har maƙwabta na leƙowa. Aka kafa rumfuna, aka jera fararen kujerun roba, manyan mutane suka zauna cikin shadda. Bayan la'asar kwanukanmu suka fara dawowa. Kusan yadda muka zuba su. Na masu dafa-duka kuwa, da su ma aka ba aiki a gidan, ko ƙwaya ba a bari ba.

Ni dai zuciyata ta kawo wuya. Na ce mu kwashe kayanmu mu tafi, mutanen da jiya-jiya suke layin funkasonta yau sun ci zaɓe sun fi ƙarfin taushe. Ko kallona ba ta yi ba. Hajiyar gidan ta leƙo tana cewa abinci ya yi daɗi, Allah ya saka da alheri, Goggo ta amsa da fara'a, ta koma ta tsuguna.

Ban taɓa ganin mutum ya kalli faɗuwarsa haka ba. Babu kunya a fuskarta, babu fushi, kamar aikin wata take dubawa. Ta ɗaga wannan kwano, ta juya wancan. Can ta kira ni.

"Ke sarkin gaggawa, zo ki gani. Mi kika gani nan?"

Na ce abincin da aka wulaƙanta.

"Makauniya. Dubi funkason, an gutsuri gefe. Miyar fa?"

Ba a taɓa miyar ba, ko a kwano ɗaya. Ta sa na leƙa rumfa in gaya mata inda mutum zai aje kwano. Babu tabarma, babu tebur, babu mai zagayawa da ruwan wanke hannu. Kowa farantinsa a cinya, cokalin roba a hannu, ga babbar riga fara sol. Wa zai tsoma hannu a miya mai manja a haka? Sun so ci, wurin ne ya hana su.

A hanyar gida na tambaye ta ko abin bai yi mata ciwo ba. Ta ce ya yi, har yanzu ma yana yi. Ta ce mutanenmu suna da kara, ba wanda zai dubi idonka ya ce abinka bai yi ba, sai dai ya daina kiranka, shi ya sa take zuwa inda ba a kara.

Abin da ya fi girgiza ni sai da safe. Ta ce daga yau ba ta ƙara kai funkaso da taushe taron kujeru. Abincin da aka san ta da shi tun kafin a haife ni, ta sauke shi kamar ta cire mayafi. Ta gwada dambun shinkafa da zogale da soyayyen nama, wanda cokali ke ɗauka ba ya ɗiga, ta aika wa Hajiyar ɗanɗano. Da wani aikin ya taso a gidan, ita aka kira.

To amma suna da biki na cikin unguwa, inda har yanzu ake shimfiɗa tabarma, ba ta da lokacinsu kuma. Ana ta ce mani in bi 'yan siyasa ko a samo mani aikin ofis. Na ce su riƙe. Na samu Goggo na ce ta bar mani tandar funkaso da gidajen tabarma, zan yi da kaina. Ta ce da wannan zuciyar tawa? Na ce e, da ita. Akwai suna ranar Asabar bayan gidanmu, na je na karɓi aikin.