Kaskon Hannun Hagu

Wani dattijo ya riga ni shiga shagon kayan kicin. Dogo ne siriri, rigarsa ta sha guga, amma maɓalli ɗaya ya shiga ramin da ba nasa ba. Yana tsaye gaban kasaken suya, irin waɗanda abinci ba ya kamawa a ciki. Ba ruwansa da launi ko suna. Sai ya ɓoye hannun dama a baya, ya ɗaga kasko da hagu, ya lumshe ido, ya karkata shi kamar mai juye ƙwai a faranti.

Nan take na yanke hukunci: tsohon kukun babban otal ne, wannan kuwa sirrin sana'a ne. Ni da kullum ƙwaina ke ƙonewa, sai na laɓe bayansa ina kwaikwayo. Duk kaskon da ya ajiye sai in ɗauka da hagu, har da lumshe ido da gyaɗa kai.

Mai shago ta matso. "Baba, wane iri kake nema?"

"Marar nauyi, 'yata. Tun da mai ɗakina ta samu shanyewar ɓarin jiki, hagu kaɗai ke mata aiki. Ta ce gara yunwa da girkina. Kicin ɗinta take so ta koma."

Ya zaɓi ƙarami, ya rungume abinsa, ya nufi wurin biya.

Mai shago ta juyo ta ga hannuna a baya, ta sassauta murya. "Ayya, sannu yaya. Ke kuma yaushe abin ya same ki?"