Guɗar da Na'ura Ta Cinye

Duk wanda ya yi biki ko suna a unguwar New Bell cikin 'yan shekarun nan ya san Rabi'atu, ko da bai san sunan ubanta ba. Rabi Montaj ake ce mata, don a Douala aikin haɗa bidiyo, a yanke nan a liƙa can, shi ake kira montaj. Doguwa ce siririya, ga baki kamar reza, kullum abin saurare na rataye a wuyanta kamar sarƙar gado. In ta ɗora shi a kunne kuwa, ko gobara ka zo faɗa mata, sai ka taɓa kafaɗarta.

Fataucin goro ne ya kawo kakanta daga Kano, ya ga ruwa ya ga kasuwa, ya ce nan ya zo. Ita Rabi ba ta taɓa ganin Kano ba sai a waya. Mahaifiyarsu, Khadijatu, ta rasu lokacin da ƙanwarta Firdausi ke rarrafe, ubansu kuma direban babbar mota ne, daga unguwar Bassa yake ɗaukar kaya zuwa arewa, sai ya yi wata bai kwana gida ba. Kakarsu ta wajen uwa ce ta raine su, wadda duk unguwa ke kira Tsohuwa. Tsohuwa dai ba a taɓa ta a kwana lafiya, amma in ana maganar guɗa, daga New Bell har Logbaba babu wadda ta kama ƙafarta. In ta kama hanci ta sake ta, masu gasa nama a bakin titi kan ɗaga kai su ce yau akwai alheri a wani gida.

Da lalle Rabi ta fara neman na kanta. Tana zana wa amare, tana ɗaukar hannuwansu a waya ta sa a intanet, babu mai kallo sai ƙawayenta, su ma don kunya. Wata rana ta yanke duk inda take gyara zama da inda take neman tsinke, ta bar wurin da furen ke fitowa a bayan hannu, ta ɗora ɗan kiɗa mai sanyi. Kan ka ce kwabo har daga Garoua, can arewa, ana tambayar wace ce. Daga nan lalle ya koma gefe. Ta samu tsohuwar kwamfuta a shagunan Akwa, ta kafa tebur a lungun ɗakinsu, ta koyi abin da babu wanda ya koya mata: inda za a hanzarta, inda za a ja numfashi, da inda ya kamata kiɗa ya yi shiru a ji dariyar mutum. Takan ce ido yana da haƙuri, ko hoto ya ɗan yi duhu zai kalla, amma kunne ba ya yafiya.

Abokin gabarta ɗaya ne a duniya, hayaniyar New Bell. Kai, unguwar nan ba ta san shiru ba! Ga hon ɗin 'yan bensikin, masu haya da babur, ga janareton maƙwabta, ga kiɗan mashaya daga tsallaken kwata, ga ruwan sama da in ya sauka a kan kwano sai liman ya daina huɗuba ya jira. Sau nawa ta ɗauki ango yana magana mai ratsa zuciya, ta zo saurare ta tarar da mai tallar kifi ya fi shi murya. Don haka ranar da ta samu wata sabuwar manhaja mai share hayaniya, wadda ke barin maganar mutane ta kwashe sauran, sai da ta taka rawa ita kaɗai a ɗaki.

A daidai lokacin ne aka sa ranar Firdausi. Angon, Jafaru, ɗan Funtuwa ne, bai daɗe da zuwa Douala ba, yana sayar da atamfa a kasuwa. Yaro ne mai kunya, in ya zo gaida Tsohuwa har gumi yake yi. Mahaifiyarsa, Hajiya Nana Khadija, tana can Funtuwa, ita ta zaɓi kayan lefe ɗaya bayan ɗaya da hannunta ta aiko, matan 'yan garinsu da ke Douala suka kawo. Abu ɗaya ta roƙa, a ɗaukar mata bidiyon yadda aka karɓi kayan, ta gani da idonta.

Ranar kawo lefe ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Aka cika falo, aka buɗe akwatuna, Rabi na zagayawa da waya. Da aka ɗaga babban leshi mai ruwan zuma, Tsohuwa ta sunkuya a kan akwatin, ta kama hancinta, ta runtse ido, ta rangaɗa guɗar da sai da ta rufe ƙarar ruwan. Washegari Rabi ta zauna aiki. Ta yanke, ta jera, ta sa kiɗa, sannan ta danna wa manhajar nan ta share ƙarar kwano da ta babura. Ta saurari farkon, ta ji muryoyi tas kamar a ɗakin rediyo, daɗi ya kama ta. Firdausi na tsaye a kanta tana cewa, "Yaya, don Allah ki tura, Hajiya tun safe take tambaya." Ita da ke wa mutane wa'azin kunne, ranar ba ta saurara har ƙarshe ba. Ta tura. Da yake wayarta ta cika, ga bikin sunan da za ta ɗauka da yamma, sai ta goge na asalin.

Ashe na'ura ba ta san guɗa ba. Ta ji ƙara mai tsini ta ɗauka hon ne, ta share ta ƙal. Abin da Hajiya Nana Khadija ta gani a Funtuwa, ita da 'yan'uwanta da maƙwabta da ta tara don su taya ta murna, shi ne an ɗaga leshin da ta fi ji da shi, kakar amarya ta leƙa akwati, ta toshe hanci, ta runtse ido, ta kawar da kai. Babu sauti sai ɗan kiɗa mai taushi a ƙasa. Kuma Rabi, don gwaninta, ta rage gudun wurin ta matso da fuskar kusa, saboda a ganinta nan ne zuciyar bidiyon.

Bayan la'asar Jafaru ya iso gidan ko rumfarsa bai rufe da kyau ba. Ya durƙusa a ƙofar falo, ya ce, "Yaya Rabi, an samu matsala. Hajiya ta ce in tambaya, kayanmu wari suke yi?"

Rabi ta ce, "Wari kamar yaya?"

Ya miƙa mata wayarsa. Ta kalla, ta sake kallo. Ta dafe kai ta ce, "Innalillahi! Garin gyaran gira na tsone ido."

Ba wasa ba ne. Hajiya ta ce a dakatar da maganar ɗaurin aure, ba za ta kai ɗanta gidan da aka toshe wa kayanta hanci a gaban jama'a ba. Jafaru ya yi mata bayani, ta ce, "Na'ura ta bar muryar kowa, ta zaɓi ta tsohuwa ita kaɗai ta cinye? Ni za ka raina wa hankali?" Ya ce ta tambayi matan da suka kai kayan. Ta ce waɗannan sun ci kaji sun sha lemo, me kuwa za su ce. Firdausi ta shige ɗaki ta kifa kai a katifa. Kukanta ne ya fi ƙona Rabi, don yarinyar nan a bayanta ta girma, kuma yau da hannunta ta jefa aurenta cikin kwata.

Dabarar farko da ta zo mata ta 'yan montaj ce. Tana da guɗa iri-iri da ta tara daga bukukuwan mutane, ta ɗauko wata ta liƙa a daidai bakin Tsohuwa. Ta kunna a gwada. Tsohuwa na tsakar gida tana tsince shinkafa, ko ɗaga kai ba ta yi ba ta ce, "Wannan ai Baraka ce ta bayan masallaci. Ke Rabi, muryar da ke kama da kukan zabuwa za ki sa a bakina? In kika tura wannan, ni da ke ne."

"To Tsohuwa, ki yi min wata in ɗauka. Yanzun nan, ko gajera."

"Famfo ce ni da za ki murɗa? Guɗa ba ta fita sai ta ga abin da ya kira ta. Na yi tawa ranar da ya kamata, duk unguwa ta ji. Wanda bai ji ba ya tambayi injinki."

"Ko haƙuri ki ba Hajiya a waya."

"Haƙurin me? Na zage ta ne?"

Rabi ta yi lallashi, ta yi magiya, ta sayo mata gasasshen kifi da soyayyar ayaba. Tsohuwa ta cinye tas, ta suɗe hannu, ta ce Allah ya yi albarka, guɗa dai babu. Gaskiya abin ya ba Rabi haushi, har ta fita bakin titi ta tsaya tana huci. Amma a tsayen nan maganar Tsohuwa ta dawo mata: guɗa ba ta fita sai ta ga abin da ya kira ta. To, ai kiran abin da ke cikin zuciyar mutum shi ne sana'arta.

Ta bi gidajen dangi tana tattaro tsofaffin hotuna. A wajen wata gwaggonsu ta samu na bikin mahaifiyarsu, ya koɗe, gefensa ya ci ruwa, Khadijatu na zaune da mayafi ta sunkuyar da kai, murmushi na neman ƙwace mata. Rabi ta ja Firdausi ɗaki, ta sa ta wanke fuska, ta ɗaura mata leshin nan mai ruwan zuma, ta zaunar da ita kusa da taga. Ba ta gaya mata yadda za ta yi ba, ta dai ce, "Jafaru ya ce yana gaishe ki." Yarinya ta sunkuyar da kai, murmushi ya ƙwace mata.

Bidiyon da ta haɗa gajere ne. Ta fara da Firdausi jaririya a bayan Tsohuwa, sai tana 'yar makaranta da haƙora biyu a cire, hotunan na bin juna da ɗan sauri yadda mutum zai yi dariya. Sai ta rage gudu. Ta kawo hoton Khadijatu, ta bar shi ya daɗe, ta janye kiɗan gaba ɗaya. Ta gwada gajarta wurin, ta ga bai isa ba, ta tsawaita har ya zauna daidai. Daga cikin shirun nan fuskar uwar ta narke a hankali ta zama ta 'yar. Wannan karon sai da ta saurara daga farko har ƙarshe.

Da hantsi ta ajiye kwamfutar a kan tabarma gaban Tsohuwa, ta jingina wayarta da tukunya tana ɗauka. Ta ce, "Ba roƙonki zan yi ba. Kalla kawai ki gaya min in ya yi."

Tsohuwa ta taɓe baki, ta matso. Da ta ga mai giɓin haƙora ta yi dariya ta ce, "Ja'ira, ranar nan ta sha duka." Da hoton Khadijatu ya fito sai dariyar ta tsaya. Ta ajiye carbinta. Ta miƙa hannu kamar za ta taɓa gilashin, ta ce a hankali, "Dijena." Sai fuskar ta juye ta zama Firdausi cikin leshin Funtuwa. Tsohuwa ba ta san lokacin da hannunta ya kai hanci ba. Guɗar ta fito doguwa, tana rawa, hawaye na bin kuncinta, ta yanke a tsakiya don numfashi ya gaza, ta ja wani ta ƙarasa. Maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga suna tambayar me aka samu.

Rabi ba ta taɓa komai a ciki ba, har kukan akuyar maƙwabta da hon ɗin wani ɗan bensikin ta bari. Ta haɗa da ɗan bidiyon hotunan, ta tura wa Jafaru, shi kuma ya tura gida.

Jiran ya yi tsawo. Firdausi ta share tsakar gida da aka riga aka share. Rabi ta kasa cin abinci, ita da ba ta wasa da cikinta. Sai bayan azahar Jafaru ya shigo da sauri, ya manta ko sallama, ya ajiye waya a gaban Tsohuwa ya kunna saƙon murya. Da farko ba a ji komai ba sai jan hanci. Can sai guɗa ta tashi daga Funtuwa, siririya, ta mace ɗaya, sannan wasu suka ɗauka a bayanta. Da suka lafa Hajiya Nana Khadija ta yi magana, muryarta a dushe.

"Jafaru, ka ce wa Inna ta yafe mini. Ban san ita ta aurar da uwar ba, ga shi za ta aurar da 'yar. A ɗaura ranar da aka sa. Marainiyar nan kuma ka gaya mata ta yi uwa a Funtuwa."

Firdausi ta faɗa jikin yayarta tana kuka tana dariya. Tsohuwa ta goge ido da bakin zane, ta gyara zama, ta ce a sake kunna mata wurin guɗar. Ta saurara da kyau, kai a karkace. Sannan ta ce, "Ba laifi, tana da numfashi. Ke Rabi, kira min ita, mu gaisa da 'yar'uwata."