Mushamman da Baba ya hana a buga wa ƙusa

Shekarun baya, tun mahaifina na da rai, duk damina sai mun yi rigima da shi a kan rufin rumfa. Mu a nan Jazira, a ƙasar Sudan, rakuba muke ce wa rumfa, tamfol kuma mushamma. To a kan mushamman rakubar Baba muke ɓatawa, shekara da shekaru.

Ƙauyenmu yana bakin tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakin auduga, tsakanin Managil da Madani. Kowa ya yi ɗakin laka, masu hali har da jan bulo. Ni ma na yi nawa. Baba kaɗai ya ƙi. Sanduna ya kafa a tsakar gida, ya kewaye da zana, ya sa gadonsa na igiya da buta da buzun salla, ya ce nan ne wurinsa.

Dalilinsa kuwa, yana ƙarami aka kawo shi ƙasar nan. Iyayensa sun taso daga ƙasar Hausa da niyyar hajji, guzuri ya ƙare, suka tsaya tsinkar auduga don su tara na gaba. Suna tarawa har suka mutu. Shi kuma ya gaji niyyar kamar yadda ake gadon gona. A wurinsa mu ba mazauna ba ne, zango muka yada. Wanda ya yi gini mai ƙarfi, in ji shi, ya gaya wa Allah ya fasa tafiyar.

Shi ya sa kullum shuɗin mushamma yake sa a sayo masa, na leda, mai arha. Wanda ya san shi ya sani. Yana sabo sai ƙyalli kamar abin kirki. Amma ba ruwa ke kashe shi ba, rana ce. Ranar Jazira ta gasa shi wata biyu uku, sai ka ga ya koɗe yana zubar da gari, ka taɓa shi da yatsa ya huje. Iskar farkon damina na zuwa sai ta raba shi biyu.

"Baba, wannan abin ba ya kai kaka."

"Wa ya ce maka ni zan kai kaka a nan? Baɗi war haka muna Makka."

Tun ina yawo ba wando nake jin wannan magana. Har furfura ta fito mini ina jin ta.

Wata shekara ruwa ya sauko da la'asar ina gona. Kafin in iso gida mushamman ya yage. Na tarar da tsohon zaune a kan gado, ya ɗora buzu a ka, ruwa na bin gemunsa, yana jan carbi. Matata ta yi ta roƙonsa ya shiga ɗaki ya ƙi. Daga nan tari ya kama shi, sai asibitin Madani. Likita ya ja ni gefe ya ce ƙirjin nan ba zai ɗauki wani dukan ruwan ba. Na gaya wa Baba in an sallame mu ɗakina zai koma. Ya juya wa bango fuska. Na san amsar ke nan.

To kun ga inda na tsaya. Ɗaki ba zai shiga ba, shuɗin leda kuma zai kashe shi.

Yana kwance a asibiti ni ina yawon kasuwar Madani ina lalube mushamma kamar mai neman aure. Na ga mai ruwan ganye, ashe ƙanin shuɗin ne, launi kawai aka sauya. Na ga fari mai layi-layi, ya fi su kauri, amma ƙawanyoyin bakinsa da ake zura igiya na roba ne, iska ɗaya za ta fizge su. Da na gaji sai na ƙulla dabara: in sa kwano, in lulluɓe shi da zana sama da ƙasa, tsoho ido ya yi rauni, ba zai gane ba. Na dawo gida ina jin kaina mai wayo, na gaya wa matata. Ta dube ni ta ce, "Maigida, idonsa ne ya yi rauni, ba kunnensa ba. In ruwa ya sauka a kan kwano za ka hana kwanon magana?"

Shekaruna duka wannan bai zo mini ba.

Abokina ne ya fitar da ni. Direban lori ne, tsakanin Madani da Bur Sudan yake, tare muka tashi. Ya ji labari ya ce, "Ya zol, mutumina, ka bar wahalar da kanka da leda. Zo ka gani." Ya kai ni bayan gidansa ya warware tsohon mushamman lorinsa da ya sauya. Zane ne mai kauri, ruwan ƙasa, an shafe shi da kakin da ke hana ruwa shiga. Nauyi kamar mushen saniya. Warin gas da albasa. Faci a wuri uku. Ya ce in ɗaga shi in dubi rana. Na ɗaga, ko ɗigon haske babu. Ya kwara masa ruwan buta, ruwan ya dunƙule ya gangara. Ƙawanyoyinsa na tagulla ne, an ninka bakin an ɗinke. Ya ce in karkata shi gefe guda kada ruwa ya kwanta, in shimfiɗa zana a ƙarƙashi saboda zafi. Ya ce, "Wannan sai ya binne mu duka."

Maganar da na roƙe shi kada ya maimaita a gaban Baba ke nan.

Ranar da aka sallamo tsohon muka kawo mushamman a keken jaki. Na tanadi guduma da ƙusoshi da murafen kwalba na tare kan ƙusa. Baba ya sa hannu ya murza bakin zanen, ya ɓata rai.

"Kai, wannan ai na mazauna ne. Ku ɗauke shi."

Na ji zuciyata ta tafasa. Zan yi magana abokina ya taka mini ƙafa. Ya durƙusa ya ce, "Ya hajj." Haka ake kiran tsofaffinmu a nan, ko ba su je ba. "Ya hajj, wannan bai taɓa kwana biyu wuri ɗaya ba. Ya fi mu duka sanin hanya. Har Sawakin ya je, bakin teku, inda alhazai ke shiga jirgi. Da shi na rufe kayansu."

Baba ya ɗago. "Ya ga tekun?"

"Wallahi ya gani. Gishirin ma yana jikinsa."

Tsohon ya jawo gefen mushamman ya kai hanci. Ni dai na san gas da albasa ne a wurin. Ya daɗe a haka. Sannan ya ce, "To ɗan hanya ne. A sa shi." Na ɗauki guduma da sauri kada ya sake shawara. Ya ce, "Ajiye wannan. Ba ƙusa. Ko ɗaya."

Da igiya ya sa muka ɗaure, kowace ƙawanya, irin ɗaurin da ake wa jaki a kasuwa, wanda in ka ja wutsiyar igiyar sai ya warware. Wanda na ɗaure tamau sai ya sa na kwance na sake. "Ranar tafiya ba a neman wuƙa," in ji shi. Duk Juma'a sai ya zaga da sandarsa yana taɓa ɗaurin ɗaya bayan ɗaya.

Damina da yawa ya yi a ƙarƙashinsa, ko ɗigo bai sake taɓa shi ba. A nan ya rasu, a bushe, fuskarsa gabas. Bai je ba. Na bar rakubar yadda take. In igiya ta ruɓe in sauya, in yi ɗaurin da ya koya mini, ba don komai ba, hannu ya saba.

Da yaƙi ya iso Jazira aka ce kowa ya fita, da safe ne, ba lokacin tsayawa. Ɗakina na laka da ƙofar ƙarfen da nake taƙama da ita, a nan na bar su. Masu kwano suka bar kwanonsu. Ni na zaga rakubar Baba ina jan wutsiyar igiya, kafin matata ta gama ɗaure tukwane mushamman yana ƙasa. Muka naɗe muka ɗora a keken jaki. Gabas muka yi. A ƙarƙashinsa muka kwana a hanya, a ƙarƙashinsa muka zauna a garin mutane, mu da maƙwabta, har abin ya lafa.

Yanzu mun dawo. Ƙofar ƙarfe babu, rufin ɗakin babu. Sandunan Baba kuwa suna nan tsaye, ba wanda ya ga abin ɗauka a jikinsu. Na mayar da mushamman inda yake. Faci ya ƙaru.

Ban ce tsohon ya san abin da ke zuwa ba. Shi Makka yake nufi, ba gudu ba. Kuma ni ba malami ba ne da zan ciro muku darasi. Wanda zai rufa rumfa dai ya nemi na lori, ya ɗaga shi ya dubi rana, ya duba ƙawanya. Iyakar sanina ke nan.

Abin da ke damuna daban ne. In hadari ya haɗo sai in ji ina son wanda zan yi wa faɗa a kan rufi, babu. Mushamman ba ya yoyo, ba abin faɗa, ba mai ba ni amsar nan da ke ƙona mini rai.

Kwanan baya matata ta samo ƙusoshi a gwangwani ta ce, tunda mun dawo ke nan, a buga masa a huta da sauya igiya. Na karɓa na ajiye a ƙarƙashin gado.

"Bari dai," na ce mata. "Baɗi war haka."

Ta tsaya tana dubana. Ban ƙarasa ba. Na tashi na zaga ina taɓa ɗaurin.