Guɗar da Kaka Ta Amsa

Ranar Alhamis ce, talatin da ɗaya ga Maris, 2011. Na sake duba kalanda kafin in rubuta, domin a lokacin Alhamis ranar hutu ce a Jidda, shi ya sa ban je makaranta ba. Shekaruna tara. Bayan la'asar ni da Umma muka hau soron gidan hayarmu a unguwar Madain Fahd, tsakanin tankunan ruwa da igiyoyin shanya, inda maƙwabciyarmu Khala Zaina ta tara 'yan garinsu. Tsibirinsu, Mayot, ya zama cikakkiyar jihar Faransa a ranar, bayan shekarun da iyayensu mata suka yi suna fafutuka. Matan da suka taru sun shafe fuskokinsu da niƙaƙƙen itacen sandal, suna kaɗa guntayen gora bibbiyu a hankali, wasu na kuka.

A hankali ɗin yana da dalili. A watan an hana taruwa a gari, motocin sintiri kuma suna yawan ratsa layinmu. A ɗakinmu na hawa na biyu akwai Kaka, mahaifiyar babana, wadda ta zo Umara ta zauna ba iƙama, wato takardar izinin zama. Shekara huɗu, ko kuma biyar, ban tabbata ba, ba ta taka bakin ƙofa ba. Ita ke yi mini kitso, tare muke tsince shinkafa, ita ta koya mini guɗa da bakina a cikin matashi. Da zan hau soro Baba ya ce, "Ki yi kallo, Hafsatu, amma kada titi ya ji ki."

Da Khala Zaina ta miƙe tana rawa da hawaye, sai na riƙe hanci na rangaɗa guɗa. Gora ta tsaya cak. Kafin Umma ta kai hannu bakina, wata guɗar ta taso daga tagarmu, doguwa, mai karkarwa, muryar tsohuwa. A garinsu Kaka ba a barin guɗa ta faɗi ita kaɗai.

Na leƙa ƙasa. Mai gadin gidan yana tsaye da bokiti, yana ƙirga tagogi da ido.

Washegari ya tare Baba a matakala. "Ustaz, ku nawa ne a ɗakin nan? Yalla, faɗa mini, tambaya ce kawai." Mako biyu muna jin kowane taku a matakalar. Kaka da kanta ta ce, "Halas, shi ke nan, ɗan nan, miƙa ni kafin a zo kama ni a haɗa da kai." Baba ya kai ta inda ake tara waɗanda za a mayar gida.

Ba ni da shaidar cewa mai gadin zai kai ƙara, kuma ba zan ɗora masa abin da ban gani ba. Yau takarduna cikakku ne, ina fita duk inda na so. Kaka ta rasu a ƙauyensu ina aji biyu a jami'a, ban sake ganinta ba. Ni na fara guɗar, wannan kam na tabbata.