Kwano Biyu a Kan Kabarin Smaranda

Ranar Alhamis, 9 ga Oktoba, 2025, da hantsi, muna tsakiyar tsinkar inabi, waya ta zo daga asibiti a Bukarest cewa Smaranda Dobrescu ta cika. Shekarunta talatin da huɗu. Ta bar mijinta Tudorel, da mahaifiyarta Floarea, da 'yarta Ilinca mai shekara huɗu. Allah ne Ya ba mu ita, Shi ne kuma Ya aiko aka karɓa. Allah Ya gafarta mata.

Ni ce Veta, nasharta, wato ni na riƙe mata kyandir ranar aurenta a coci, ni kuma na riƙe 'yarta ranar baftisma. Karatuna bai yi nisa ba. Fada Gherasim, limamin cocinmu, ya ce in rubuta wani abu a sa a 'yar jaridar coci, na ce masa ban iya ba, ya ce in yi kamar ina yi mata magana. To, Anda, yadda muke kiranki a gida, ga ni. Ki yi haƙuri idan maganar ta zo a hargitse, haka kaina yake tun ranar.

Na san ki tun kina cikin zanen goyo. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na mahaifiyarki. Ina tuna ranar da Floarea ta leƙo ta kan katangar, ta ce: "Veta, zo ki sumbaci yarinyar nan ki gaya min, ko bakina ne ya lalace?" Na sumbaci goshinki, na ji gishiri sosai, kamar na lashi cuku. A lokacin ba mu san wannan ita ce alamar ciwon da aka haife ki da shi ba, ciwon da yake cika huhu da majina mai kauri. Daga baya likitoci suka gaya mana. Tun daga nan muka saba da tarinki kamar yadda muka saba da ƙararrawar coci. Kullum safiya sai in ji Floarea tana bubbuga miki baya da tafin hannu, ke kuma kina cewa: "Mama, a hankali, ba katifa kike kakkaɓewa ba."

Da kika kai shekara ashirin da biyar, daga gado zuwa bakin ƙofa ya zama tafiya a wurinki, ga robar iska a hanci. Har Floarea ta fara ajiye tawul da kyandirorin jana'iza a ɓoye. Sai aka kira ki Biyana, can ƙasar Ostiriya, aka yi miki dashen huhu. Wani ya mutu a can, wanda ba mu san shi ba, ke kuma kika dawo mana da ƙafarki.

Ba zan manta ranar da kika dawo ba. Kin rame, fuskarki a kumbure saboda magani, ga takunkumi a baki. Kika tsaya a bakin gonar mahaifinki marigayi, kika janye takunkumin, kika ƙwala wa saniyar tsoho Marin kira daga wancan tudun. Saniyar ba taki ba ce, ba kuma abin da za ki yi da ita. Kika ce min: "Nasha, so nake kawai in ji inda muryata take tsayawa."

Abin da kika yi da wannan numfashi kowa a ƙauyen nan ya gani. Da yake ke kin girma cikin ƙwayoyi, sai kika zama mai jera wa tsofaffi magungunansu. Kowace Lahadi bayan coci kina bi gida gida, kina raba musu na safe da na yamma a murafun kwalba. Tsoho Marin yana ɓoye na hawan jininsa a tukunyar fure, kika gano shi, kika ce: "Kawu, furen nan ya fi ka lafiya yanzu, saura kai." Da jikin mijina Ghita ya shanye, ke kike kai mu asibitin Craiova a motarki duk sati, kuma an hana ki shiga cunkoson marasa lafiya. Sai ki zauna a mota kina jiranmu cikin sanyi. Ko sau ɗaya ba ki karɓi kuɗin mai ba. Ghita ya rasu yana kiranki 'yata.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda kika riƙe mai huhun. Baƙona kike ce masa. A wurinmu mamaci yana buƙatar pomana, sadakar da ake miƙa wa mai rai domin ta isa ga wanda ya tafi. Kika ce wa ya sani ko mutanen can suna yi wa nasu? Wataƙila baƙonki yana can da yunwa, ba riga. Saboda haka duk shekara, ranar da aka yi miki aiki, kike dafa koliva, dafaffiyar alkama da gyaɗar goro da sukari, ki zuba a sabon kwanon ƙasa, ki kafa kyandir a tsakiya. Kuma da yake ba a gaya miki ko namiji ne ko mace ba, sai ki sayi rigar maza da ɗankwali, ki bayar duka. Fada Gherasim ya tambaye ki sunan da zai ambata a addu'a, kika ce: "Fada, ka ce wanda Allah Ya san sunansa." Tudorel yana tsokanarki: "Ni na tabbata ƙaton namiji ne mai tumbi, in ba haka ba ina kika samo wannan munsharin?" Kika ce: "Ka gode masa, da ba don shi ba da bango kake aure."

Sai maganar ciki ta zo. Daga nan ne kaina yake ɗaurewa.

Ba ganganci kika yi ba, wannan ina so kowa ya sani. Shekara huɗu kika jira bayan aikin. Kika je wurin likitocinki kika tambaya. Na raka ki sau ɗaya, na ji da kunnena. Likitar ba ta ce kada ki yi ba, ba ta kuma ce ki yi ba. Ta ce masu dashen ƙoda sun fi samun sauƙi, na huhu ya fi hatsari. Ta ce jiki yana iya juya wa huhun baya lokacin ciki ko bayan haihuwa, yaro yana iya zuwa kafin lokaci. Ta ce akwai maganin da dole a canja tun kafin a ɗauki cikin domin yana lahanta jariri. Ta kuma tambaye ki, a gabana, ko kin yi tunanin wanda zai riƙe yaron idan ba kya nan. Na ji haushin tambayar. Ke ba ki ji ba. Kika ce: "Na yi. Mahaifiyata."

Floarea kuwa da ta ji, sai da ta fasa faranti. Ta ce: "Shekara ashirin da biyar ina bubbuga miki baya, yanzu da kika samu lafiya za ki je ki zubar? Kin haukace ne?" Kika ce: "Mama, aro aka ba ni. Ko na taɓa ko ban taɓa ba, ranar karɓa tana nan." Wata biyu ba ta shiga gidanki ba.

Cikin ya wahalar da ke. Jininki ya hau, ƙafafunki suka kumbura, Ilinca ta zo bakwaini, aka sa ta a kwalba. An riga an gwada jinin Tudorel, an ce da wuya yarinyar ta ɗauki ciwonki, amma Floarea ba ta yarda da takarda. Ranar da aka kawo jaririyar gida, ta shigo ba sallama, ta ɗauke ta, ta lashi goshinta. Ta sake lasa. Sai ta zauna daɓas a ƙasa tana cewa: "Babu gishiri. Veta, babu gishiri!" Daga ranar ba wanda ya isa ya raba ta da yarinyar.

Shekara biyu kika yi lafiya lau. Sai wannan abin auna numfashi da kike hurawa kullum safiya ya fara nuna ƙasa da yadda ya saba. Aka ce jikinki ya fara ƙin huhun a hankali. Aka ƙara magani, aka canja magani. Bana robar iska ta dawo hancinki. Ba ki iya ɗaukar Ilinca, sai dai ta hau gado ta kwanta kusa da ke, kina koya mata hura gashin kaza daga tafin hannu.

Ranar da muka je ɗauko ki, na tare likitan a baranda. Na ce: "Ɗana, ka gaya min gaskiya. Cikin ne?" Ya ce: "Baba, ban sani ba. Na ga waɗanda ba su taɓa haihuwa ba, jikinsu ya ƙi huhun a shekara ta uku. Na ga waɗanda suka haihu suna nan da ransu. Ita ta yi tara. Ko da ba ta haihu ba da ta yi sha biyar, ko da taran ce dai, ba wanda zai iya gaya miki." Na dawo da wannan amsa a hannu, ban san inda zan ajiye ta ba. Matan ƙauye sun rabu biyu a bakin kanti. Wasu na cewa kin sayar da ranki, wasu na cewa kin ci riba. Da safe ina tare da waɗannan, da yamma ina tare da waɗancan. Idan na ce da ba ki yi ba, sai in ga Ilinca tana bin agwagi a tsakar gida, in ji kunyar bakina. Idan na ce gara da kika yi, sai in ga takalmanki a bakin ƙofa.

Floarea ba ta rabu biyu ba. Da aka shigo da akwatin gawarki, yarinyar ta ruga ta kama mata siket, sai ta cire hannunta, ta ce: "Da ba a haife ki ba..." Ba ta ƙarasa ba. Amma daga ranar ba ta ɗauke ta ba, ba ta kalle ta ba. A wurina yarinyar take kwana. Tudorel direban babbar mota ne, dole ya koma hanya. Ya ce min idan aka yi addu'ar arba'in zai kai ta Italiya wurin yayarsa, tunda kakarta ba ta so. Anda, ke kin ce wa likita mahaifiyata. Ni na ji. Na rasa yadda zan yi da wannan.

Asabar ɗin da ta wuce aka yi miki addu'ar kwana tara. Ina dafa koliva wani tunani ya tsayar da ni: baƙonki fa? Tare muka binne ku. Shin ya sake mutuwa ne? Wa zai riƙa yi masa pomana yanzu? Na tambayi Fada Gherasim, ya shafa gemu ya ce: "Veta, wannan ba a koya mana shi a makaranta ba. Ki dai kawo kwano biyu, ba za su yi faɗa ba."

A bakin kabari, Floarea ce ke miƙawa, a matsayinta na uwa. Ta miƙa kwanonki ga wata mata sa'arki ta kan kabarin. Na ɗora mata na biyu a hannu, na ce na baƙon ne. Kafin ta juya ta nemi wanda za ta ba, Ilinca ta zame daga hannun ubanta, ta zo ta tsaya gabanta, ta miƙo hannu biyu. Ashe tun da ta fara tafiya ita kike ba kwanon baƙon, ni na manta, ita ba ta manta ba. A wurinmu kuwa hannun da ya miƙo wa pomana ba a mayar da shi. Floarea ta tsaya, kyandir yana ɗiga mata a yatsa. Ta dubi Fada, Fada ya dubi sama. Dole ta sunkuya ta ɗora mata. Yarinyar ta ce bogdaproste, kalmar karɓar sadaka, yadda kika koya mata, sannan ta ce: "Kaka, yana ƙona ki."

Floarea ta durƙusa tana kuka, fuskarta a kan ta yarinyar. Can sai ta zabura da ihu: "Gishiri! Veta, gishiri! Ita ma ta ɗauka!" Mutane suka daskare. Ni kuwa sai na lura fuskar yarinyar a jiƙe take. Na ce: "Ke Floarea, tsohuwar banza, hawayenki ne kika jiƙa ta da su! Goge ki sake." Ta goge goshin da bakin ɗankwalinta, ta lasa. Ta sake gogewa, ta sake lasa. Ta ce a hankali: "Babu."

Ba ta sauke ta ba har gida. A hanya Tudorel ya ce: "Mama, kawo ta, tana da nauyi." Ta ce: "Ka ji min mutum. Italiya! A can wa zai riƙa duba mata goshi? Yayarka ko miya ba ta iya ɗanɗanawa ba." Jiya na ji ta ta kan katanga tana faɗa da yarinyar a kan sa safa.

Har yanzu ban san amsar ba, Anda. Ban san ko cikin ne ya rage miki kwana ba, kuma na fara gane cewa zan mutu ban sani ba. Idan wata mai irin naki ta zo ta tambaye ni, ba ni da abin ce mata sai ta je wurin likitocinta, ta kuma tambayi kanta abin da aka tambaye ki. Idan Ilinca ta girma ta tambaye ni, zan ce mata kin san hatsarin, kin jira, kin zaɓe ta da idonki a buɗe. Kwano biyu kuma, muddin ina da hannu, ba za su yanke ba.

Allah Ya gafarta miki, 'yata. Allah Ya ba ki wurin hutawa mai haske, inda ba tari, ba robar iska. Allah Ya sa ƙasa ta yi miki sauƙi. Allah Ya ji ƙan baƙonki, wanda Shi kaɗai Ya san sunansa, Ya sanyaya zuciyar mutanensa a duk inda suke, domin su ma nasu muka binne ba su sani ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga Tudorel, da Floarea, da dukan dangin Dobrescu, da tsofaffin ƙauyen nan da za su ga Lahadi ta zo ba mai jera musu magani. Allah Ya ba mu haƙuri. Ilinca kuma, Allah Ya raya ta, Ya ba ta dogon numfashi.

Nasharki, Veta.